Su Ma Makaɗan Fada Ne: Kiɗan Turai da Sarautar da Ta Raine Shi

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a ɗakunan malamai da tarurrukan ƙungiyoyin al'adu, har ta kusa zama abin da ba a musu a kansa. Masu ita suna cewa kiɗa iri biyu ne. Akwai kiɗan Turai na da, wanda ake kira kilasik, shi ne wai fasaha tsantsa, wadda ba ta san sarki ba, ba ta san kuɗi ba, mai ita ya keɓe ne da alƙalaminsa yana rubuta abin da zuciyarsa ta raya masa. Akwai kuma kiɗan fada na ƙasar Hausa, na masu taushi da kotso da kakaki, shi kuwa wai roƙo ne da bambaɗanci, neman riga da doki, abin da bai cancanci shiga aji ba sai dai a kawo shi misalin abin da zamani ya wuce. Wannan rabo ba shi da tushe, kuma ba sai an tsaya kare makaɗan Hausa ba kafin a rushe shi, domin tarihin Turai da kansa ya isa. Duk wanda ya jera tarihin wannan kiɗa kusa da tarihin sarautun Turai, daga ƙarni na 16 zuwa ƙarshen ƙarni na 18, zai tarar cewa mafi yawan manyan sunayen da ake ɗaga wa hula barorin sarakuna ne, da albashinsu da tufafin aikinsu, kuma yabon ubangida yana cikin aikin da aka ɗauke su dominsa.

A fara da opera, wato wasan kwaikwayon da ake rera dukan maganganunsa da waƙa, wanda ake ɗauka shi ne ƙololuwar wannan fasaha. Opera mafi daɗewa da kiɗanta ya iso wannan zamani ita ce Euridice ta Jacopo Peri, kuma an yi ta ne a birnin Florence na Italiya cikin watan Oktoba 1600, a bikin auren Marie de Médicis da sarkin Faransa Henri na 4. Auren kuwa ƙulla zumunci ne tsakanin gidan sarauta mai buƙatar kuɗi da gidan attajirai mai buƙatar girma. Bayan shekara 7, a 1607, Claudio Monteverdi ya fito da Orfeo a fadar gidan Gonzaga da ke mulkin Mantua. Kafin a fara labarin sai an busa wani gajeren kiɗan ƙaho har sau uku, wanda masana da yawa ke ɗauka taken gidan Gonzaga ne. Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa abin da ake nufi da take. Shi kuma Monteverdi, wasiƙunsa cike suke da kukan albashin da ba ya zuwa kan kari, kuma a 1612, da sabon sarki ya hau, aka sallame shi bayan ya yi wa gidan bauta fiye da shekara 20. Sai a shekara ta gaba ya sami matsuguni a majami'ar San Marco ta Venise.

Ko kayan kiɗan ma ba kowa aka yardar wa ya taɓa su ba. A 1623 sarkin daular Jamus Ferdinand na 2 ya tabbatar wa masu busa ƙahon fada da masu kaɗa manyan tambura takardar gata, wadda ta mai da su ƙungiya ta musamman, ta kuma keɓe waɗannan kaya ga sarakuna da manyan hakimai da rundunoninsu. Makaɗin gari da ya kuskura ya busa irin wannan ƙaho a bikin talaka yana iya gamuwa da hukunci. Wanda ya san cewa tarihin Kano ya jingina shigowar kakaki ga Sarki Muhammadu Rumfa, ya kuma san cewa a Damagaram ko Katsina ba a busa wa talaka kakaki, ba a kaɗa masa tambari, zai gane dokar nan ba tare da dogon bayani ba. A wurare biyun, amon ƙarfe mai tafiya nesa alama ce ta mulki, kuma mulki ba ya ba da aron alamarsa.

Malaman Faransanci ne ya fi kamata su san wannan, domin babu inda kiɗa ya zama ma'aikacin gwamnati kamar Faransar Luwi na 14, zamanin da suke karantarwa kowace shekara ta bakin Molière da La Fontaine da Racine. Daga 1648 zuwa 1653 ƙasar tana cikin tawayen da ake kira Fronde, inda alƙalai da manyan hakimai suka yi wa sarauta bore, har aka fitar da yaron sarki daga birnin Faris cikin dare. Da wutar ta lafa, ranar 23 ga Fabrairu 1653, aka shirya babbar rawar fada mai suna Ballet royal de la Nuit. Labarinta yana bin dare ne tun daga faɗuwar rana, da ɓarayinsa da mayunsa, har zuwa asuba, inda Luwi, yana ɗan shekara 14, ya fito cikin tufafin zinariya a matsayin rana mai hudowa. Babu bafaden da bai fahimci saƙon ba: dare shi ne tawaye, kuma ya ƙare. A cikin masu rawar wannan dare akwai wani saurayi ɗan Florence, ɗan mai injin niƙa, wanda aka kawo Faransa yana yaro don ya yi wa wata gimbiya hidima. Sunansa Lully. Bai cika wata guda ba bayan rawar aka naɗa shi mai tsara wa sarki kiɗa.

Abin da Lully ya yi da wannan matsayi darasi ne a kan mulki kafin ya zama darasi a kan kiɗa. A 1672 ya mallaki takardar izinin sarki wadda ta ba shi, shi kaɗai, ikon nuna opera a Faransa. A 1673 aka fitar da doka cewa sauran gidajen wasa ba za su wuce mawaƙa 2 da masu goge 6 ba, kuma da Molière ya rasu a watan Fabrairu na wannan shekara, aka karɓe zauren Palais-Royal daga hannun ƴan wasansa aka miƙa wa Lully. Kowace opera tasa tana buɗewa da share fage wanda ba shi da aiki sai kambama wani gwarzo da ba a ambaci sunansa, amma kowa ya san ko wane ne. An nuna Alceste a farfajiyar fadar Versailles cikin watan Yuli 1674, a bukukuwan murnar cin yankin Franche-Comté da yaƙi. Wani lokaci sarki da kansa ke zaɓen labarin da za a yi wa kiɗa. Kuma da aka yi Isis a 1677, fadawa suka ga kamar an siffanta Madame de Montespan, ƙwarƙwarar sarki, da mace mai zafin kishi. Nan da nan Quinault, mai rubuta baitocin, ya rasa fada na kusan shekara 2. A 1681 Lully ya sami muƙamin sakataren sarki, wanda ke shigar da mai shi cikin masu sarauta. Ajalinsa ma a bakin aikin ubangida ya same shi: a watan Janairu 1687, yana jagorantar waƙar godiya ga Allah saboda sarki ya warke daga tiyata, ya doki ƙafarsa da sandar da yake buga ƙasa da ita, ciwon ya ruɓe, ya rasu a watan Maris. In ba sarkin makaɗa ba, wane suna ya dace da wannan mutum?

Akwai littafin da ɗalibai da yawa suka riƙe da hannunsu, Le Bourgeois gentilhomme, wanda aka saba karantar da shi kamar labarin ban dariya na attajiri mai son zama basarake. To amma an haife shi ne daga rikicin jakadanci. A 1669 sojojin Faransa sun je taimakon Venise a tsibirin Crète, inda Daular Usmaniyya ta yi wa birnin Candie ƙawanya, kuma birnin ya faɗi duk da taimakon. A ƙarshen wannan shekara Sarkin Musulmi na Istambul ya aiko da manzo, Sulaiman Aga. Luwi ya tarbe shi cikin ado na lu'ulu'u don ya burge shi, manzon kuwa bai nuna alamar abin ya girgiza shi ba. Fada ta ji haushi. Aka umurci Molière da Lully su shirya wasa mai ɗauke da shagalin Turkawa, aka haɗa su da Chevalier d'Arvieux, wanda ya zauna a ƙasashen gabas, don ya nuna musu tufafi da ɗabi'u. Aka nuna wasan a fadar Chambord ranar 14 ga Oktoba 1670, Lully da kansa ya fito a matsayin mufti. A Hausa irin wannan aiki yana da suna: zambo. Makaɗin fada ne ya rama wa ubangidansa a kan wanda ya ƙi girmama shi. Malamin da ya karantar da wannan wasa bai faɗi haka ba ya ba ɗalibansa rabin littafi, ya riƙe rabi.

Shekarar 1685 kaɗai ta isa a yi darasin mako guda a kanta. A cikinta aka haifi Bach da Handel da Domenico Scarlatti, abin da littattafan kiɗa ba su taɓa mantawa su faɗa. A watan Maris nata Luwi ya sa hannu a kan Code noir, dokar da ta tsara bautar da baƙar fata a tsibiran Faransa, ta lissafa bawa cikin kayan da ake gado. A watan Oktoba kuma, a fadar Fontainebleau, ya soke dokar Nantes wadda tun 1598 ta bai wa Kiristoci ƴan Furotesta damar yin addininsu. Kusan mutum dubu 200 suka tsere daga ƙasar. A wannan wata, a wannan fada, Lully ya nuna rawar da ya sa wa suna Le Temple de la Paix, wato ɗakin ibadar zaman lafiya, inda ƴan rawa suka yi shigar mutanen Afirka da na Amurka suna zuwa gaisuwa. Wanda ya ce kiɗan nan bai san siyasa ba, sai ya bayyana yadda waɗannan abubuwa suka haɗu a wata ɗaya, ƙarƙashin rufi ɗaya.

Ingila ma haka take, sai dai can sarautar ce ke yawan sauya hannu, makaɗi kuwa yana bin wanda ke kan gado. Henry Purcell ya yi wa Charles na 2 waƙoƙin barka da dawowa, ya yi waƙar naɗin James na 2 a 1685, da aka kori James a 1688 kuma ya koma yi wa Sarauniya Mary waƙar zagayowar ranar haihuwa kowace shekara, har ya yi kiɗan jana'izarta a 1695. Handel ya gaji wannan aiki ya faɗaɗa shi. A 1713 ya tsara waƙar godiya ta sulhun Utrecht, aka rera ta a majami'ar Saint Paul ta Landan, Sarauniya Anne ta yanka masa fam 200 a shekara. Cikin ribar da Ingila ta samu daga wannan sulhu akwai yarjejeniyar da ta ba ta izinin kai bayi 4,800 kowace shekara, har shekara 30, zuwa ƙasashen Amurka da Sipaniya ke mulki. Kamfanin South Sea aka damƙa wa cinikin, kuma Handel yana da hannun jari a cikinsa. Sunansa ya kuma bayyana a 1720 cikin littattafan Royal African Company, kamfanin da ke ɗebo bayi daga gaɓar Afirka ta yamma, wanda ubangidansa Duc de Chandos ya zuba wa dukiya mai yawa. Masana suna jayayya ko saye ya yi ko biyansa aka yi da hannun jarin. Ko wanne ne, an san rijiyar da ruwan ya fito. A 1747 kuma aka sadaukar da Judas Maccabaeus ga Duc de Cumberland, ɗan sarki, wanda ya murƙushe ƴan tawayen Scotland a Culloden a 1746 da irin rashin tausayin da ya sa aka yi masa laƙabi da Mahauci.

Matasan Maraɗi da Zinder da Tawa sun san muryar Handel ko da ba su san sunansa ba. Taken da ake sawa kafin wasannin gasar zakarun ƙwallon ƙafa ta Turai, wanda Tony Britten ya shirya a 1992, an gina shi ne a kan Zadok the Priest, waƙar da Handel ya yi don naɗin George na 2 a 1727, wadda aka rera a kowane naɗin sarautar Ingila tun daga lokacin, har da na Charles na 3 a 2023. Abin da ke tayar wa mai kallo tsikar jiki a gidan kallon ƙwallo waƙar naɗin sarki ce, an yi ta don ta sa talaka ya ji girman abin da ke gabansa, kuma har yau tana aikinta.

Masu raina makaɗin fada suna yawan kafa hujja da matsayinsa: bara ne, ba shi da ikon kansa. To, a dubi Bach. A 1717 ya nemi barin aikin sarkin Weimar don ya koma Köthen, ya matsa da neman sallama, sai aka kulle shi daga 6 ga Nuwamba zuwa 2 ga Disamba. Kaɗe-kaɗen nan shida da ake kira na Brandebourg kyauta ce da ya aika wa wani basarake a 1721 da wasiƙa mai cike da ƙanƙan da kai. A 1733 ya aika wa sarkin Saxe kashi na farko na abin da ya zama babbar waƙarsa ta ibada, yana roƙon a ba shi muƙamin fada, kuma sai a 1736 aka ba shi. A dubi Haydn. Yarjejeniyar da ya sa wa hannu a 1761 da gidan Esterházy ta wajabta masa sa tufafin aiki, da bayyana kowace rana a zauren jira don jin ko ubangida yana son kiɗa, ta kuma hana shi tsara wa wani kiɗa sai da izini. A dubi Mozart, wanda ya rubuta wa mahaifinsa a 1781 yana kukan cewa a gidan babban limamin Salzbourg tare da barori da masu dafa abinci ake ajiye shi cin tuwo, kuma da ya nace sai an sallame shi, wani bafade mai suna Arco ya fitar da shi da shuri. Laifi tudu ne: an take na Turai ana hango na Hausa.

Sai dai tsayawa a nan zalunci ne, domin rabin gaskiya ne. Abin da ya sa ake sauraron waɗannan mutane har yau shi ne abin da suka aikata a cikin ƙuncin da suka sami kansu. Yaƙin Shekara 30, daga 1618 zuwa 1648, ya cinye mutanen Jamus da dukiyarsu, ya watsa mawaƙan fadar Dresde, waɗanda suka rage kuma ba a biyansu. Heinrich Schütz, shugabansu, ya fitar da ƙananan waƙoƙin ibada a 1636 da 1639 waɗanda murya ɗaya zuwa biyar ke iya rerawa, ya kuma ambaci ɓarnar yaƙi a gabatarwarsa; talauci ya rage masa muryoyi, shi kuma ya sa kowace kalma ta fito fili yadda ba ta fitowa a cikin taro. William Byrd ɗan Katolika ne a fadar Elizabeth ta 1, mai bin Furotesta. Ta ba shi, shi da Tallis, ikon buga takardun kiɗa su kaɗai a 1575, amma hukuma ta yi ta tuhumar gidansa saboda ƙin zuwa cocin gwamnati. Sai ya riƙa zaɓen ayoyin da ke kukan rushewar Urushalima da zaman bauta a Babila, ƴan'uwansa na ɓoye suna jin kansu a ciki, fada kuwa ba ta da abin kamawa. Haydn, a 1772, da ubangidansa ya tsawaita zama a fadarsa ta ƙauye, makaɗa suna begen iyalansu, ya tsara kiɗan da a ƙarshensa kowane makaɗi ke kashe fitilarsa ya fice ɗaya bayan ɗaya, har ya rage masu goge biyu. Basaraken ya gane, aka yi shirin komawa gida. Wannan shi ne habaici, makamin wanda ba a ba shi bakin magana ba, kuma duk wanda ya saurari makaɗan fadar Hausa da kunnen basira ya san cewa yabo yakan ɗauki gargaɗi a cikinsa, ya gaya wa sarki abin da waziri ba zai iya faɗa ba.

To daga ina tatsuniyar fasaha tsantsa ta fito? Daga baya aka ƙirƙire ta, bayan juyin juya halin Faransa na 1789 ya girgiza fadoji, makaɗi ya koma neman abincinsa wajen masu sayen tikiti da masu buga takardu. A lokacin Lully da Bach, kiɗa na ranar da aka yi shi ne, in biki ya wuce a nemi sabo. Tarihin rayuwar Bach na farko, wanda Forkel ya fitar a 1802, ya gabatar da shi ne a matsayin abin alfaharin al'ummar Jamus, kuma sai a 1829 Mendelssohn ya farfaɗo da babbar waƙarsa ta Linjilar Matta a Berlin, bayan ta yi shekaru da yawa ba a jin ta. Aƙidar fasaha don fasaha, wadda Théophile Gautier ya kare a gabatarwar Mademoiselle de Maupin, ta shekarun 1830 ce. Mutanen ƙarni na 19 ne suka wanke tsofaffin makaɗa daga ƙurar fada, suka rataye su a bango kamar waliyyai, kuma a wannan siffa makarantar mulkin mallaka ta kawo su Afirka. Ita dai wannan makaranta ce ta koya wa ɗalibanta kallon makaɗin sarkinsu a matsayin maroƙi kawai.

Za a ce akwai bambanci na gaske: Turawa sun rubuta kiɗansu, sun gina ilimin haɗa muryoyi da yawa a lokaci ɗaya, abin da ya ba su damar tsara aiki mai tsawon sa'o'i. Haka ne, kuma musun wannan wauta ce. Amma rubutu hanyar adana abu ce, ba ya tsarkake niyyar mai shi. Abin da takarda ta yi shi ne ta bar kiɗan ya rayu bayan ubangidan ya mutu, har aka manta da wanda aka yi dominsa. Operar Lully mai suna Atys ta yi fiye da ƙarni biyu ba a nuna ta, sai a 1987 William Christie ya dawo da ita fage a Faris, kuma ya iya yin haka ne don akwai waɗanda suka adana takardun, akwai kuma hukumomin da suka biya kuɗin aikin. Abin da takarda ta yi wa Lully, faifai da kaset sun yi wa Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo da Ma'azu Ɗan Alalo. Sarakunan da suka yi wa waƙa sun kau, waƙoƙin sun saura, kuma yanzu ne ake iya auna su da ma'aunin da ake auna Handel: ƙarfin harshe, tsarin amshi, zurfin azanci, da abin da suka faɗa game da mulki.

Akwai kuma wani ɓangare da zai ji wannan bayani ya ce to a zubar da kiɗan Turai gaba ɗaya, tun da na sarakuna ne da masu cinikin bayi. Wannan ma kuskure ne, kuma tushensa ɗaya da na farko, domin duka biyun sun yarda cewa fasahar da ta ci abincin sarki ta ƙazantu. In aka bi wannan hukunci, Bakandamiyar Narambaɗa za ta riga Handel shiga wuta. Kuma tarihin kiɗan Turai ba na Turawa kaɗai ba ne. Joseph Bologne, wanda aka sani da Chevalier de Saint-Georges, an haife shi a Guadeloupe a 1745, uwarsa baiwa ce baƙar fata. Ya zama gwanin goge kuma jagoran makaɗa a Faris, ƙungiyarsa ce ta fara kaɗa manyan kaɗe-kaɗe shida da Haydn ya tsara wa birnin. A 1776, da aka yi maganar ba shi shugabancin gidan opera, wasu manyan mawaƙa mata suka kai ƙara wajen sarauniya cewa ba za su karɓi umurni daga ɗan baiwa ba, maganar ta mutu. Wanda ya rufe littafin kiɗan Turai ya rufe shi a kan wannan mutum ma, ya taimaki waɗanda suka so a manta da shi.

Abin da ake nema wajen malamai da ƙungiyoyi ba mai tsada ba ne. Malamin Faransanci, in ya zo kan Le Bourgeois gentilhomme, ya sa wa ɗalibai kiɗan Lully su ji, ya ba su labarin Candie da Sulaiman Aga, ya tambaye su wa ake yi wa dariya, kuma wa ya biya kuɗin dariyar. Malamin tarihi, in ya zo kan Luwi na 14, ya ajiye rawar 1653 kusa da tawayen Fronde, ya ajiye Le Temple de la Paix kusa da Code noir. Malamin Hausa ya shigar da waƙar fada aji a matsayin matani, a rubuta ta, a feɗe ta, a nemi wane sarki, wace shekara, wace rigima ta gado ko ta iyaka ce ke bayan kowane zambo, kamar yadda masanan Turai suka yi wa share fagen Quinault. Ƙungiyoyin al'adu kuma su bi tsofaffin kaset da ke lalacewa a akwatunan gidaje da gidajen rediyo, su kwafe su, su rubuta sunayen ƴan amshi da na masu kiɗa tun waɗanda suka san su suna raye. Ɗalibin da aka koya wa tambayar wa ya biya, wa aka yaba, wa aka zaga, me makaɗi ya ɓoye a cikin yabon, zai saurari Versailles da Damagaram da kunne ɗaya, kuma zai san yadda zai saurari mawaƙan ƴan siyasar da ke cika masa kunne a lokacin zaɓe. Yabon gwani ya zama dole, ko a wace fada ya yi bauta. Amma kafin a yabe shi, sai a san fadar.